Sautin salula da kunnen ɗan lakwal

Duk lokacin da iyaye da malamai suka zauna maganar salula, abin da ido yake gani shi yake cinye zaman: hotunan banza, finafinai, TikTok, yaron da ya kwana yana latse-latse ya zo aji yana gyangyaɗi. Duk wannan gaskiya ne. Amma waya tana da ƙofa ta biyu da take shiga jikin yaro, wadda ba mu cika tsayawa a kanta ba, wato kunne. Ido in ya gaji yakan yi ja, ya yi ruwa, uwa ta gani ta yi magana. Kunne kuwa shiru yake lalacewa, babu jini babu kumburi, sai bayan shekaru a ga mutum yana ta cewa "na'am?" kafin ya kama abin da aka faɗa masa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wasu ƙananan manhajoji, ko aplikasiyo kamar yadda muka saba faɗi, waɗanda aikinsu sarrafa ƙarfin sautin waya. Sun bazu a hannun malamai da ɗalibai, wannan ya tura wa wancan ta Xender ko Bluetooth, ba tare da kowa ya tambayi abin da suke yi ba. Ni malamin firamare ne, na haura shekara 20 ina riƙe da alli tun da na fito daga makarantar horar da malamai, kuma uba ne mai ƴaƴa a kwaleji. Na yi aiki da waɗannan manhajoji a aji da gida. Na ga inda suka yi rana, na kuma ga inda suke da haɗari, shi ya sa nake so mu auna su tare.

Suna ɗaya, aiki uku

Wanda ya shiga Play Store ya nemi manhajar sauti zai tarar da su birjik, kusan duk da hoton lasifika iri ɗaya. Amma in aka duba aikinsu, gida uku ne.

Gida na farko su ne masu ƙarawa. Suna yi maka alkawarin sautin da ya wuce iyakar da kamfanin waya ya sa, wasu har su rubuta kashi 200 cikin 100. Su ne suka fi farin jini a wurin matasa.

Gida na biyu su ne masu ƙayyadewa. Kai za ka zaɓi matakin da sauti ba zai wuce ba, ka kulle shi da lambar sirri, ta yadda ko yaro ya danna maɓallin ƙari sau ɗari ba zai motsa ba.

Gida na uku su ne masu tsarawa. Suna raba maka ƙarar kira daban, ta saƙo daban, ta kiɗa da bidiyo daban, ta agogon tashi daban. Wasu suna sa waya ta yi shiru da kanta a lokutan da ka zaɓa. Wasu kuma suna ƙara yawan matakai: yawancin wayoyin Android matakai 15 suke da su tsakanin shiru da ƙarshen ƙara, manhajar sai ta mayar da su 100, mutum ya samu daidai inda yake so.

Kun ga ke nan wanda ya ce "manhajar sauti tana da kyau" ko "ba ta da kyau" bai faɗi komai ba tukuna, sai ya ce wacce. Ta farko da ta biyu ma kishiyoyin juna ne.

Inda suka yi rana

Zan fara da alherinsu, don yana nan. Malamin da yake da ɗalibai 70 ko 80 a aji, wani lokaci ma ajin na zana ne, iska tana shiga ta ko'ina, makwabcin aji yana rera karatu da nasa yaran, ya san darajar murya. Akwai darussan da nake so yara su ji daga bakin wani ba nawa ba: gajeriyar hira cikin Faransanci, waƙar yara, labarin da wani abokin aiki ya ɗauka ya turo ta WhatsApp. Sau da yawa wanda ya ɗauki sautin ya yi nesa da wayarsa, muryar ta fito can ƙasa-ƙasa, ko ka kai ƙarar ƙarshe layin gaba kaɗai ke ji. A irin wannan hali manhajar ƙarawa tana ɗago muryar da ta nutse, layi na uku da na huɗu su samu rabonsu. Wannan amfani ne na gaske, kuma ba ya cin ko dala.

Haka a gida. Mahaifiyata ta tsufa, jinta ya ragu, kuma yanzu rabin zumunci ya koma saƙon murya. Jikoki na Yamai, ƴan uwa na Kano da Agadas, kowa murya yake turowa. Kafin a ɗaga mata sautin, sai ta kira wani yaro ya saurara ya faɗa mata. Wata rana ta ce mini: "Malam, ba kowace magana ce ake so yaro ya ji ba." Na ce: "Gaskiya ne, Inna." Da aka ƙara mata ƙarfin saƙonnin kaɗan, ta koma jin abinta da kanta, sirrinta ya dawo hannunta. Sai dai a sani, yawancin masu ƙarawar nan kan kiɗa da bidiyo da saƙon murya suke aiki, ba su cika taɓa muryar kiran waya ba.

Masu tsarawa su ma sun raba mu da kunya mai yawa. Kowa ya taɓa ganin wayar da ta ɓarke da kiɗa ana tsakiyar salla, ko ana zaman makoki, ko mai duba malamai yana zaune a bayan aji. Na tsara tawa ta yi shiru daga ƙarfe 8 har a tashi, ta dawo da kanta bayan nan, ba sai na tuna ba. Yawan matakai kuma yana da amfani da dare, lokacin da mataki na ɗaya ya yi ƙasa, na biyu kuma ya isa ya tada jariri.

Masu ƙayyadewa kuwa, ga uwar da take miƙa wa ɗan shekara 4 waya don ta samu ta gama tuwo, sun zama kamar murfin rijiya. Yaro ƙarami bai san "ya isa" ba, abin da ya sani shi ne maɓallin da yake sa abu ya ƙara daɗi.

Abin da mai ƙarawa take yi a ɓoye

Lasifikar waya ba ta kai girman ƙwayar gujiya biyu ba, kuma ƙarfin da aka gina ta da shi ba ya ƙaruwa don an sauke manhaja. Ku ɗauke ta kamar tiya. Tiya tana da iyakar hatsin da take ɗauka. In hatsin bai cika ta ba, kana iya ƙarawa har ya kai baki. In ta riga ta cika ka ci gaba da zubawa, sai dai ya zube ƙasa. Abin da manhajar take yi ke nan: tana kumbura sautin tun kafin ya isa lasifika. In asalin sautin mai rauni ne, akwai wurin ƙari, sai a ji daɗi. In kuwa asalinsa mai ƙarfi ne, kamar yawancin waƙoƙin zamani, sai ta datse kan sautin, ya fito yana karkarwa kamar tsohuwar rediyo.

A nan ne malami ya kamata ya lura. Ƙara daban, fitar magana daban. Na sha gwadawa a aji: in na matsa ƙarin ya yi yawa, na baya sukan ce sun ji, amma in na tambaye su me aka ce, sai a yi tsit. Sautin ya iso, kalmomin sun narke a hanya. Ga darasin harshe kuwa, kalmar da ta narke ba ta da amfani. Ban da haka, a fili duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yakan ragu da kimanin desibel 6, wato ma'aunin da ake auna ƙara da shi. Babu manhajar da za ta sa ƴar ƙwayar lasifika ta cika aji mai dogon zango.

Ita kanta wayar tana biyan kuɗin wannan ƙari. Siririyar wayar da ke cikin lasifika tana zafi, fatar da ke kaɗawa tana wahala, yau da gobe sai murya ta dushe. Da yawa daga cikin manhajojin nan su da kansu suna rubuta gargaɗi cewa za su iya lalata lasifika ko su cutar da ji, kuma duk abin da ya faru ruwanka. Sai dai gargaɗin yakan zo da Turancin Ingilishi, a ƙananan haruffa, mu kuma mu danna "OK" mu wuce. Ga malamin da albashinsa yake ƙarewa kafin wata, gyaran lasifika ba ƙaramin abu ba ne. Ƙaramar lasifika ta Bluetooth da ake caji ta fi wannan dabara nesa ba kusa ba, kuma abu ne da kwamitin kula da makaranta zai iya saya guda ɗaya, azuzuwa su riƙa karɓa bi da bi.

Daga iska zuwa cikin kunne

Lalacewar lasifika asarar kuɗi ce, ana mayarwa. Babbar damuwata tana wani wuri. Manhajar da aka kunna da rana don a ji sauti a tsakar gida ba ta kashe kanta da dare lokacin da yaro ya cusa abin saurare, wato ekutar, a kunnensa. Sautin da aka yi don ya ratsa iska ya kai mita biyar, yanzu yana zuba kai tsaye a ramin da bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba.

Ga lissafin da ya kamata kowane uba da kowane malami ya riƙe. Hirar yau da kullum tana wajen desibel 60. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, tare da hukumar sadarwa ta duniya, sun fitar da ƙa'ida a 2019: babba zai iya sauraren desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da fargaba ba, yaro kuwa desibel 75 ne nasa a wannan tsawon lokaci. Abin da mutane ba su sani ba shi ne yadda lokacin yake zaizayewa. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A 83 awa 20 ne, a 86 awa 10, a 89 awa 5, a 92 awa biyu da rabi, a 95 awa ɗaya da kwata. In aka haura 100, abin da ya rage bai fi minti 20 da ƴan kai ba, a mako guda fa, ba a yini ba. Waya da ekutar kuwa, in an kai su ƙarshe, suna iya wuce 100 tun ba a sa musu wata manhaja ba.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka sa doka. Faransa tun 1996 ta hana sayar da na'urorin saurare na aljihu da suka wuce desibel 100. A Tarayyar Turai ƙa'idar ita ce na'ura ta yi gargaɗi in za a haura 85. Wannan ne asalin saƙon nan da yake fitowa a wayoyi da yawa yana cewa saurare da ƙarfi na tsawon lokaci yana cutar da ji, wanda yaranmu suke ɗauka kamar ƙuda ne a kore shi. Manhajar ƙarawa tana zagaye wannan shinge ta baya: ma'aunin waya yana nan inda yake, amma abin da ke shiga kunne ya fi abin da ma'aunin yake nunawa.

A can cikin kunne akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi wajen 15,000. Su ne suke mayar da kaɗawar sauti ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa take ganewa. Da su aka haife mu, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Ƙara mai yawa tana kwantar da su kamar yadda iska take kwantar da gero. In sau ɗaya ne sukan miƙe bayan hutu, shi ya sa wanda ya dawo daga wurin biki yake jin kunnensa ya toshe ko yana ƙugi, irin ƙugin da wanda ya taɓa shan kinin ya sani, washegari kuma ya warware. In abin ya zama kullum, wasu ba sa sake tashi. OMS ta ce matasa sama da biliyan 1, ƴan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa wani ɓangare na jinsu saboda irin wannan saurare.

Abin da ya fi taɓa ni a matsayina na malami shi ne ɓangaren da yake fara tafiya. Ƙara tana fara cin siraran sautuka, waɗanda ake bambance baƙaƙe irin su s da sh da f da ts da su. Yaron da abin ya fara taɓawa ba kurma ba ne. Yana jin an yi magana, yana jin an kira sunansa, amma "sara" da "tsara" sun fara zama abu ɗaya a kunnensa, haka "sa" da "sha". To ku kai wannan yaro ajin da ake koyarwa da Faransanci, harshen da ba da shi ya tashi ba, inda ba zai iya cike gurbin abin da bai ji ba da hasashe. Ranar dikte malami ya ce "poisson", shi ya rubuta "poison". Sai jan biro ya sauka a kayensa, a ce ba ya mai da hankali, a gida a ce wasa ya yi masa yawa. Babu wanda zai kawo kunne a ransa.

Kuma kada mu manta kunnen yaranmu ba hutawa yake yi ba in ya ajiye waya. Akwai injin niƙa da ake aikensu, akwai janareto in an ɗauke wuta, akwai kabu-kabu, akwai manyan lasifikun biki da yara suke tsayawa dab da su. Duk a asusu ɗaya ake cira. Kunne kuma ba ya tantance abin da ake saurare. Waƙa ce, fim ne, wa'azi ne, karatu ne, darasin lakwal ne, shi dai ƙarfi da tsawon lokaci ya sani. Yaron da ya yi barci da ekutar a kunne tun bayan isha har asuba ya ci awa bakwai ko takwas a dare ɗaya, ko da abin da yake ji mafi alheri ne.

Mai ƙayyadewa ma ba makiyayi ba ce

Wani zai ce to shi ke nan, a sa wa kowane yaro manhajar kulle sauti a huta. Da ma haka abin yake da sauƙi.

Na farko, lambar da manhajar take nunawa kashi ne na ƙarfin waya, ba desibel ba. Kashi 60 a wannan ekutar daban yake da kashi 60 a waccan. Na kasuwa masu arha babu wanda ya san ainihin abin da suke fitarwa, manhajar ma ba ta sani ba. Shawarar da OMS take bayarwa ta kada a wuce kashi 60 mafari ce mai kyau, amma ba hatimi ba ce.

Na biyu, yawancinsu ƙarfi suke tsarewa, ba sa ƙirga lokaci, alhali mun ga lissafin ƙafa biyu gare shi.

Na uku, yaro ɗan kwaleji ya fi mu sanin waya. Abin da ka kulle cikin minti goma zai buɗe cikin minti biyu, ko ya goge manhajar ya mayar kafin ka dawo daga kasuwa. Wani lokaci ma ba laifinsa ba ne: wayoyi da yawa suna kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, sai kullen ya tashi ba wanda ya sani. Uba yana can hankali kwance, ƙofa kuwa a buɗe take.

Na huɗu, dalilin da yake sa yaro ya ƙara sauti sau da yawa hayaniyar da ke kewaye da shi ce. A cikin mota, a bakin titi, a gidan da mutum 15 suke kwana, in ka rage masa har ba ya ji, ka tura shi ne ya nemi hanyar karya dokar. Abin saurare mai rufe kunne da kyau yakan rage buƙatar ƙari fiye da kowane kulle, sai dai shi ma ba na tafiya a titi ba ne, don mai babur ba zai san yaron bai ji oda ba.

Masu tsarawa su ma suna da nasu tuntuɓe. Wayar da ta yi shiru da kanta tana iya haɗiye kiran gaggawa daga gida, ko ta danne agogon tashi ranar jarrabawa. Duk wanda zai yi amfani da su ya ware lambobin da za su shigo ko ana shiru, ya kuma gwada agogon tun kafin ranar da yake buƙatarsa.

Kyautar da take da farashi

Kusan duk manhajojin nan kyauta ake sauke su, amma Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ƙera ta da talla yake ci. Tallar tana shan megar da ka saya da guminka, tana shan batir a garin da caji ma sai an biya, kuma ba kai kake zaɓar hoton da za ta nuna wa ɗanka ba. Akwai na caca, akwai waɗanda ba za ka so a gani a gidanka ba.

Akwai kuma maganar izini. Manhajar sauti abin da take buƙata shi ne ta taɓa saitin sauti. In ta nemi ganin lambobin mutanenka, ko saƙonninka, ko hotunanka, sai ka tambayi kanka me ya haɗa kifi da kaska. Masu binciken tsaron waya sun daɗe suna kama wata muguwar manhaja da ake kira Joker, wadda take ɓuya cikin ƙananan aplikasiyo tana yi wa mutum rajistar ayyukan biya ba da saninsa ba, kuma a 2021 an same ta har cikin wata manhajar ƙara sauti da ke Play Store. In wadda ta bi ta kantin Google ma tana iya zuwa da haka, ina ga wadda aka turo maka ta Xender, ba ka san hannu nawa ta bi ba?

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, rabin aikin nan waya tana yin sa da kanta. Raba ƙarar kira da ta kiɗa da ta agogo yana cikin saitin kowace Android. Tsarin "Ne pas déranger" yana sa shiru a lokutan da ka zaɓa, ya kuma bar lambobin da ka ware su shigo. Wayoyin Samsung suna da wurin ƙayyade ƙarar kiɗa har da lambar sirri, iPhone kuma tana da wurin rage sauti mai ƙarfi inda ake zaɓar iyaka tsakanin desibel 75 da 100. Kafin a sauko da baƙo, a fara duba abin da ke cikin gida.

Yaron da kullum yake neman ƙari

Akwai wani abu da nake roƙon iyaye su riƙe fiye da duk abin da na faɗa. In yaro kullum yana kai sauti ƙarshe, yana matsawa jikin talabijin, yana juyo da kunne ɗaya in ana magana, yana kallon bakin malami maimakon allo, kada a amsa masa da manhajar ƙarawa, kada kuma a amsa masa da tsawa. Wataƙila yana faɗa mana wani abu ne da shi kansa bai san sunansa ba.

Ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau yake yawan ɓulla lokacin rani, yankin da ya taso daga Senegal har Habasha. Ba mu manta 2015 ba, lokacin da cutar ta kai har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. Raunin ji yana daga cikin abin da sanƙarau yake bari ga waɗanda suka tashi. Haka ƙyanda, haka ciwon kunne mai zubar da ruwa da ake bari ya daɗe, wani lokaci ma dauɗar kunne ce kawai ta taru ta toshe hanya. OMS ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a wurin yara daga abubuwan da ake iya kaucewa yake zuwa. Wasu ana magance su cikin mako guda in an je da wuri. Manhajar ƙarawa a nan ɓarna biyu take yi: tana rufe alamar da za ta sa a tafi asibiti, tana kuma ƙara wa kunnen da ya riga ya raunana kaya.

Hanya ita ce a fara da CSI mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake kira ORL. A aji kuma, kafin a kai ga haka, malami yana da abin yi da ba ya cin kuɗi: ya dawo da yaron gaba, ya fuskance shi in yana magana, ya daina bayani yana kallon allo. Ga wanda aka tabbatar jinsa ya ragu, akwai manhajoji na musamman irin Sound Amplifier da Google ya fitar a 2019, wadda take ɗago murya ta rage hayaniya ta cikin abin saurare. Tana iya taimakawa, amma ba ta maye gurbin awon likita ko na'urar ji da aka daidaita wa mutum.

Inda na tsaya

Bayan duk wannan aune-aune, tambayar da nake yi wa kowace manhajar sauti guda ɗaya ce: ina sautin zai sauka, a iska ko a cikin kunne? In a iska ne, don aji ko don tsohuwa ta ji saƙon jikanta, ina yarda da ƙari kaɗan, a kan sautin da asalinsa mai rauni ne, a kuma kashe da an gama. In a cikin kunne ne, babu manhajar ƙarawa a wayar da yaro yake taɓawa a gidana, ko tawa ce.

Kulle kuwa ina sa shi, na cikin waya in akwai, amma ba a ɓoye ba. Na zaunar da ƴaƴana na yi musu lissafin nan na 80 da 83 da 86 a kan takarda, kamar darasin rabawa. Babbar ta ce: "Baba, ke nan in na ƙara kaɗan, rabin lokacina na sayar?" Na ce haka ne. Yaron da ya gane dalili yakan tsare kansa a inda idonka ba ya kaiwa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna da gwaji mai sauƙi: in na tsaya nesa da kai kamar tsawon hannu na yi magana yadda na saba ba ka ji ba, ko kuma ni ina jin abin da ke fita daga ekutar ɗinka, ya yi yawa. Bayan kowace awa a cire a huta. Ba a kwana da shi a kunne. In kunne ya yi ƙugi bayan saurare, wannan ba abin dariya ba ne, a faɗa.

Ga ƴan uwana malamai, ina ganin wannan magana ta cancanci minti 15 a zaman CAPED, da wasu 15 a taron iyayen yara, musamman iyaye mata, don su ne suka fi sanin wanda yake kwana da waya. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya, tana kuma faɗowa ana tsakiyar shekarar karatu. Ko babu komai a hannu, malami zai iya tsayawa a bayan kowane ɗalibi a ranar, ya faɗi kalmomi biyar a hankali, ya ce a maimaita. Wanda ya kasa, a rubuta sunansa, a kira mahaifinsa. Wannan ba awon likita ba ne, amma a aji mai yara 80 da wuya a rasa wanda za a gano, kuma gara a gano shi yana CE1 da a gano shi bayan ya faɗi jarrabawa sau biyu an ce ba shi da kai.